Hinde Dillaliya da Ungozomar Tungar Bube

A unguwarmu ta Tambuwal, in dillaliya ta yi sallama, mata kan gyara zama su kuma gyara baki, don an san abin da aka faɗa gabanta kafin la'asar ya zagaye unguwa. Hinde ma dillaliya ce, ita ma tana ɗaukar magana daga gida zuwa gida. Sai dai tana zaɓe. In ta ji an zagi mutum, nan take barin zagin. In kuwa ta ji an yabi mutum bayan idonsa, hankalinta ba ya kwanciya sai ta kai masa.

'Yar Jabo ce, aure ya kawo ta Tambuwal. Mijinta tela ne a bakin kasuwa, da idonsa ya yi rauni ya ajiye keke, ita kuma ta ɗauki ƙunshi: atamfa, zannuwan gado, turare, kwalli, ƙananan kwanoni. Gajeriya ce mai wushirya, hijabinta kullum rana ta ci shi ta wajen kafaɗa. Katanga ce kawai tsakanin gidansu da namu.

Ta taɓa gaya mini inda ta samo wannan hali. Goggonta ce ta riƙe ta, mace mai tsanani wadda ba ta taɓa ce mata ko sannu ba. Ran da goggon ta rasu, maƙwabta suka zo gaisuwa, kowacce ta zauna sai ta ce, ai marigayiya ba ta da zance sai na Hinde, furar Hinde, haƙurin Hinde, yadda Hinde ke daka ba ta zubar da ko ƙwaya. Ta ce ta fita bayan rumbu ta yi kuka, ba don mutuwar kaɗai ba. "Duk wagga magana tana yawo cikin Jabo," in ji ta, "gidan kowa ta shiga, ban da kunnena."

Ba ta ƙari, ba ta ragi, kuma sai ta faɗi sunan wanda ya yi yabon. Na ga ranar da ta tare Malam Yari mai yasar rijiya a kan hanya, ta ce masa liman ya ce tun da ya taɓa rijiyar masallaci ba a sake ganin laka cikin buta ba. Dattijon ya tsaya da igiya a kafaɗa, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce "To, to, to," ya wuce. Amma mun ga tafiyarsa ta sauya. Ni ma ina cikin takaba ta kawo mini abin da matan unguwa suka faɗa game da jinyar da na yi wa marigayi mijina, kuma ranar na iya cin abinci.

Mata suka sa mata suna Zabiya. A wurinmu yabon mutum a fili aikin maroƙa ne, ga kuma tsoron baki, don an taso ana cewa in ka yabi abu mai kyau sai ya lalace. Hinde ba ta jin haushi. Takan ce, "Zabiya ana yi mata liƙi, ni ko ruwa sai na roƙa. Baki kau, ba ga tubarkalla nan ba? Ku ce ta, ku faɗi gaskiya."

Da gwiwoyinta suka fara ciwo, sai ta riƙa jana ina riƙe mata ƙunshi in za ta ƙauyukan Kebbe. Ɗangiwa ke kai mu, wani ɗan kabu-kabu mai furfura wanda ya san kowane rami na hanyar, kuma yana zagin kowanne da sunansa.

Wata safiya cikin damina muka shiga gidan Hajiya Madina da kaya. 'Yarta Ruwaida ta yi makarantar kiwon lafiya, an tura ta wani ƙauye gaba da Kebbe, Tungar Bube, tana karɓar haihuwa a ɗakin shan maganinsu. Mijinta malamin firamare ne a Sanyinna, sai ƙarshen mako yake zuwa. Hajiya ko ƙunshin ba ta kalla ba.

"Hinde, ɗiyarki Ruwaida tana dawowa gida. Ba canjin wuri ba, aikin duka taka ajewa. Tac ce ita ba ta iya ba, mutanen ƙauyen ba su son ta. Na yi magana har na gaji. In za ku can, ku ce ma Ɗangiwa shi fara ɗauko katifarta."

Hinde ta ɗauki ƙunshinta muka fito. A hanya ta ce mini ita ma ta daɗe tana mamaki. Duk gidan da ta shiga a Tungar Bube, in ta ambaci Ruwaida sai mata su ce "Uhm," su koma zancen atamfa. Ba zagi, ba yabo.

Mun isa bayan azahar, zannuwanmu duk taɓo. Ɗakin Ruwaida yana jingine da ɗakin shan maganin, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro. Ta riga ta ɗaure kayanta, ta kulle ƙofar wurin aikin. Ta rame. Ta ba mu ruwa, ta zauna bisa buhun tufafi.

"Inna Hinde, kada ki wahal da bakinki. Na yanke."

"Ban ce komi ba tukun, ɗiyata."

"Na san abin da za ki ce. Tun da na zo garin nan babu macen da ta taɓa ce mini na gode. In karɓi haihuwa, in wanke uwa in wanke ɗa, su ɗauki abinsu su fita kamar na yi musu laifi. Wannan na jure. Amma masu duba aiki sun zo daga Kebbe, sun zagaya gari, sun dawo sun ce mini mutane sun ce ina da sanyin jiki, ba wani abin kirki nake yi ba. Gaban maigari aka faɗa mini. Sannan ga wannan."

Ta kai mu bayan ɗaki. Ƙoruka ne a jibge, wasu da fayafayinsu, ga ɓawon ƙwan zabi a farfashe, ƙudaje na bi.

"In na buɗe ƙofa da safe sai in tarar an ajiye. Ba sallama, ba a ce daga wane ba. Wani lokaci ƙwai, wani lokaci man shanu. Inna, wa ke ajiye wa baƙo ƙwai a bakin ƙofa in ba korarsa yake son yi ba? Da sanda nake turo su nan."

Hinde ta ce, "Ruwaida, ni dai na san hannunki yana da albarka."

Ruwaida ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Inna, ke ko akuya ta gitta sai kin yabi tafiyarta. Ki gaya mini wa ya faɗa. Ba haka kike yi ba? Wa ya faɗa?"

Hinde ba ta da sunan da za ta kira. Ban taɓa ganin an kama ta hannu wofi ba sai ranar.

Ruwaida ta share ido ta ce, "Wadda ta fi yi mini ciwo Inna Na'iya ce, tsohuwar ungozomarsu. Matar nan in ta ɗora tafin hannu bisa ciki, ta san yadda ɗa ya kwanta. Kuma mai naƙuda in ta ji muryarta sai tsoro ya sake ta. Wannan ba a koya mana a makaranta ba. Na so ƙwarai in zauna kusa da ita in koya. Amma in na gaishe ta, bango take amsa wa."

Da muka fito na ja hijabin Hinde na nuna mata ɗaya daga fayafayin nan, mai jan baki da saƙa ƙanana. Irinsu ne ke rataye a ɗakin Na'iya, mun gani duk lokacin da muka kai mata kwalli. Hinde ta ɗauke shi, ta karkaɗe, ta sa cikin hijabi.

Na'iya doguwa ce siririya, tana da jinin Fulani, kuma maganarta a rana ba ta cika cokali ba. Mun same ta tana gyaran zogale a tsakar gida. Bayan gaisuwa Hinde ta ajiye faifan a gabanta.

"Inna, na tsinto miki kayanki."

Tsohuwar ta dubi faifan ta ci gaba da tsinke ganye.

"Malamar asibiti tana tafiya," in ji Hinde. "Yau Ɗangiwa ka ɗaukar katifa."

Hannun Na'iya ya tsaya. "Sun ɗauke ta? Wa yaf faɗa musu? Ke ta, Zabiya! Mun ce kada a yi zancenta gabanki!"

"Babu wanda yaɗ ɗauke ta. Ita ka tafiya da ƙafarta. Tac ce ba ku son ta."

"Mu?"

Sai ga magana ta ɓalle daga bakin da ba ya magana. Ta ce kafin Ruwaida an kawo musu wata, Anisa, mai kirki. Masu duba aiki suka zo suka tambaya, matan gari suka buɗe baki suka yi ta yabo. Kaka ba ta yi ba aka ce irin wannan ba ta ƙauye ba ce, aka mayar da ita birni. Ɗakin shan magani ya zauna a kulle. Cikin wannan zama ne 'yar ƙanenta naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗora ta bisa babur za a kai Kebbe, ba ta kai ba.

"Shi na, da anka kawo wagga, munka ga hannunta, munka haɗa baki, maza da mata. In manya sunka tambaya, a ce ba ta da wani kirki. Kuma kada wadda ta yabe ta, kada baki shi kama hannun. Abin da ka gare mu muna aje mata da asuba. Mi kuma taka so?"

"Ƙwanki suna bayan ɗaki, ƙudaje ka ci. Tac ce asiri na."

"Ƙwan zabina?" Na'iya ta dafe ƙirji. "Da ni ko ɗanɗanawa ban yi? Asiri?"

Na kusa yin dariya, na rufe baki da hijabi. Hinde kuwa ta matsa kusa da ita.

"Inna, kun ɓoye ta ga manya, na ji. Kun ɓoye ta gare ni, na yafe. Amma kun ɓoye ta ga kanta. Yarinya tana can tana ganin ita ba kowa ba ta. Wadda kunka tsare kada a ɗauke, ku da kanku kunka kore ta."

Na'iya ta ce, "To ki je ki faɗa mata. Aikinki na."

"Na faɗa, tac ce ni ko akuya yabo nika. Daga bakinki taka son ji."

"Bakina bai iya ba. Ɗiyan da nih haifa ma ban taɓa ce musu sun kyauta ba. Kunya ba ta bari."

Hinde ta gyara zama, irin zaman da take yi in za ta kwance ƙunshi mai tsada.

"To bari in ba ki saƙonki, don ban saba kwana da kayan mutane ba. Ruwaida ta gidan Hajiya Madina tac ce, ɗazu-ɗazun ga, ga shaidata nan zaune, in kin aza hannu bisa ciki kin san yadda ɗa yak kwanta. Tac ce mai naƙuda in taj ji muryarki tsoro shina sakinta, kuma wanga ba a koya shi makaranta. Tac ce babu abin da tas so kamar ta zauna kusa da ke ta koya."

Tsohuwar ta juyo gare ni. Na ce, "Haka ta ce, Inna. Tana kuka ta faɗa."

Ban san shekarun da Na'iya ta yi tana yanke cibi a garin nan ba, rabin mutanen da ke tafiya a cikinsa ta hannunta suka faɗo. Amma na ga alama ba a taɓa kawo mata magana irin wannan ba. Ta ture faifan zogale, ta miƙe ba ta ko dafa ƙasa ba, ta leƙa ta kan darni ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Najiba! Ɗauko ɗiyarki. Ki faɗa ma matan gari duka, kowa ta goyo nata."

Muka yi sallar la'asar a nan, muka koma gindin bedi. Ɗangiwa ya riga ya naɗe katifa ya ɗaure ta bayan babur, yana ta jan roba yana mita. Ruwaida na tsaye da mabuɗin ɗakin shan magani a hannu, za ta kai wa maigari.

Sai ga su. Ta kowace kwararo mata ke fitowa, da goyo, da na hannu, wasu da garin daka a gwiwar hannu don ba su tsaya wankewa ba. Suka cika gaban ɗakin suka yi cirko-cirko. Kowacce na tura ta kusa da ita gaba. Ruwaida ta ja baya har ta jingina da ƙofa, ina jin ta ɗauka rakiyar kora ce.

Na'iya ta ratso su. Ba ta dubi Ruwaida ba, gindin bedin ta duba. Ta yi ta maimaita tubarkalla masha Allah har na ce a raina ba za ta wuce nan ba. Sannan ta ce:

"Ranar da Najiba taz zaka da ɗa a gicce, ina tsaye bayanki. Ni na riga na yanke ƙauna, ina ta salati cikin raina. Nig ga hannunki bai yi rawa ba. Tun da nika wanga aiki ban ga hannu irin naki ba. Ƙwai nawa na. Man shanu na matar Bube na. Ba asiri ba ne, ke dai wawuya."

Wata ta fashe da dariya a baya, sai bakin kowa ya buɗe. Najiba ta kwance goyonta ta ɗaga jaririyar sama.

"Malama, kin san sunanta? Baƙuwa muka ce mata don kada a gane. Sunanta na yanka Ruwaida!"

"Tawa ma!" in ji wata. "Ubanta yac ce ko namiji ne sai ya nemo yadda za a yi!"

"Ni kika ɗinke ban ko ji ba!"

"Ni kika zauna ma har rana ta faɗi ba ki ci komi ba, nig gani, kunya ta hana ni magana!"

Wata tsohuwa marar haƙori ta kama hannun Ruwaida na dama tana tofa masa addu'a, don ita dai tsoron bakin bai sake ta ba, ta ce su yi ta yabo ita tana gyarawa. Maza sun taru nesa kaɗan wajen masallaci, ba su matso ba, amma maigari ya ɗaga murya ya ce shi ne ya fara cewa tana da sanyin jiki, ƙarya ya yi, Allah ya yafe masa.

Ruwaida ta sulale ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska tana kuka. Hinde na gefe bisa turmi tana murza gwiwa. Fuskarta dai kamar an ba ta kujerar Makka.

Da Ruwaida ta sami numfashi ta ce, "To Inna, in manyan suka ji fa? Ga shi kun faɗa da ƙarfi."

Wannan karon Na'iya ta dube ta ido cikin ido.

"Su ji. In sunka ɗauke ki, da ƙafa muka zuwa Kebbe da goyonmu, mu zauna bakin sakatariya har su maido ki. Wancan karon shiru munka yi. Gobe in Allah ya kai mu ki aje mini benci cikin ɗakin ga, in nuna miki abin da kika so, ke ko ki nuna mini abin nan da kika sa ma kunne kina sauraren ciki."

Ruwaida ta share fuska da gefen hijabi, ta juya wajen babur.

"Baba Ɗangiwa, kwance."

"In kwance? Yanzun ga nig gama ɗauri! Ku mata, Allah dai shi shirye ku. Ɗaura, kwance, ɗaura, kwance, kamar ni a wawan gari."

Amma yana mita yana dariya, kuma bai kai ga cire roba ba mata suka rufe babur ɗin. Katifa ta hau kai, buhun tufafi ya hau kai, wata ta rangaɗa guɗa har jarirai suka firgita suka haɗa kuka. Aka mayar da kaya ɗaki, ana ta gardamar inda gado ya fi dacewa.

Ruwaida kuwa ta tashi, ta sa mabuɗin a ƙofar ɗakin shan magani ta buɗe, ta tura tagogi. Ta juyo ta miƙa hannu ta karɓi takwararta daga wurin Najiba, ta duba idonta, ta duba damtsenta, sai ta haɗe gira.

"Najiba, ina allurar rigakafin da na ce ki kawo ta? Wata nawa yanzu?"

Najiba ta fara kame-kame, ta ce aikin gona ne, ta ce ruwa ne.

"Ba ruwa ba. Shigo da ita. Duk wadda ta san ɗanta bai cika allura ba, ta tsaya nan, tun da Allah ya kawo ku da ƙafarku."

Mata suka dubi juna suka kwashe da dariya. Na'iya ta ɗaga hannu ta nuna bakin ƙofa, suka jera layi har gindin bedi.